Ku Bar Su Su Kwatanta Amsoshinsu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta kama wasu daga cikinmu da suka riga suka haye, watau yi wa 'yan neman shiga sashen likita dariya. Duk ranar da aka yi jarrabawar tantancewa, da an buɗe ƙofa sai ka ga yara sun yi cincirindo a bakin titin Samaru, wasu kuma ba su daina gardama har motar haya ta wuce Kwangila ta sauke su a Sabon Gari. Wannan yana cewa amsar tambayar sinadarai ta biyu ce, wancan yana rantsuwa ta uku ce. Mu kuwa manya sai mu taɓe baki mu ce bakin alƙalami ya bushe, me ya rage? Mu a wannan mujalla mun ƙi wannan magana. Taron nan na bakin titi shi ne kaɗai kotun da ɗan jarrabawa yake da ita, domin babu mai mayar masa da takardarsa ya ga inda ya kuskure, babu kuma mai buga amsoshin da aka auna shi da su.

Bari mu tuna yadda aka zo nan. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta. A shekarar nan hukumar JAMB ta fara aiki, aka ce jarrabawa guda za ta wadaci ƙasa duka. A 2005 jami'o'i suka ce ba su amince da makin JAMB ba saboda satar amsa, aka ƙaro ta tantancewa. A 2016 Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya soke ta, a 2017 kuma aka dawo da ita, da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Duk wannan jeka-ka-dawo an yi shi ne a kan zargin ɗalibi. Shi ake caje wa aljihu, shi ake ɗaukar hoton yatsunsa. Mai jarrabawa kuwa ba a taɓa tanadar hanyar da ɗalibi zai bincike shi ba, sai ka ce na'ura ba ta kuskure.

Ashe tana yi. A 2025, da sakamako ya fito, fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.9 ba su kai maki 200 daga 400 ba. Yara suka kwatanta makinsu da na juna, suka ga waɗanda kowa ya san ƙwazonsu sun zube, iyaye da malamai suka tada ƙura. Ranar 14 ga watan Mayu, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa an sami matsalar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Mun yaba masa da ya faɗi gaskiya, don ba kowane babba ke iya haka ba. Amma da yaran nan sun bi shawarar masu cewa a haƙura a tafi gida, da wa zai sani? Da yaro mai burin likita ya koma gida yana ganin kansa daƙiƙi, alhali laifin na wata na'ura ne.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a duniya. A Indiya, inda fiye da mutum miliyan 2 ke zama jarrabawar shiga makarantun likita da ake kira NEET, hukumar da ke shiryawa tana buga amsoshin da ta ɗauka daidai ne, ta nuna wa kowa takardarsa, sa'an nan ta ba da kwanaki a ƙalubalance ta. A 2024, da aka ga mutum 67 sun cinye maki 720 cif, ɗalibai ne suka yi lissafi suka ce da walakin, magana ta kai Kotun Ƙoli, aka soke makin alfarma da aka ƙara wa mutum 1,563. Ba mu ce Indiya aljanna ba ce, satar tambayoyi ma ta auku a can a wannan shekarar. Abin lura shi ne, ɗalibi yana da takardar da zai riƙe ya yi gardama da ita.

Har wa yau, wanda ya tsaya ya saurari masu kwatanta amsa zai ji abin da babu rahoton da zai gaya masa. Zai ji yaron da ya fito makarantar kuɗi, wanda aka yi wa darasin yamma wata shida, yana cewa tambayar nan ai ya taɓa ganin irinta sau uku. Gefensa ga yarinya daga makarantar gwamnati ta ƙauye, wadda ta koyi sinadarai a kan allo ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, wadda rabin lokacinta ya tafi wajen neman inda za ta danna. An ce wai baiwa ake aunawa. To, wace irin baiwa ce take bin aljihun uba? Sa'an nan ga Turanci, wanda ke kayar da wanda ya san amsa amma bai gane tambaya ba. Abin dariya, wanda ya ci zai ƙare ne a asibitin koyarwa na Shika yana tambayar tsohuwa da Hausa ina ke mata ciwo, kuma babu jarrabawar da ta taɓa auna ko zai iya.

Kada wani ya juya mana magana ya ce muna roƙon a sassauta. Aikin likita rai ne, ba mu son a miƙa wuƙar tiyata ga wanda bai ƙware ba. Ƙasar Zazzau ma ba ta da dalilin roƙon alfarma: Dakta R.A.B. Dikko na Wusasa shi ne likita na farko daga Arewa, Farfesa Ishaya Audu kuwa, likitan yara, shi ya shugabanci wannan jami'a daga 1966 zuwa 1975, a zamaninsa aka buɗe sashen likita a 1967. Shugabannin jami'ar na wancan zamani da suka ga 'yan Arewa ba su isa ba, sai suka buɗe makarantar share fage a nan Samaru suka koyar da su har suka kai. Haka nan ba mu kare masu satar amsa a cikin zaure, ko 'yan damfarar da ke karɓar kuɗin iyaye a lungunan Sabon Gari da sunan suna da tambayoyin gobe. Waɗannan duhu ne kasuwarsu, kuma duk inda aka ɓoye amsa da maki, cinikinsu ƙaruwa yake.

Saura maganar kujeru, wadda ita ce ƙofar gaske. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, gwargwadon malamai da gadajen asibiti. Ƙa'idar jami'o'in tarayya kuma ta raba gurabe: kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Saboda haka yaro zai ci jarrabawa sarai, ya wayi gari an tura shi wani sashe da bai nema ba, sai jita-jitar 'yan lelen manya ta cika gari, ko da gaskiya ko babu.

Don haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kai waɗannan buƙatu gaban Majalisar Jami'a a zamanta mai zuwa, ta kuma aika wa JAMB kwafi. A buga tambayoyi da amsoshinsu bayan an gama zama na ƙarshe. A bar kowane ɗan jarrabawa ya ga abin da ya danna, a ba shi mako biyu ya ɗaukaka ƙara. A liƙa makin ƙarshe da aka ɗauka a kowane kaso na guraben likita a allon sanarwa. Mu kuma da ke aji biyu zuwa shida, ranar jarrabawa mai zuwa mu fito bakin ƙofa da littattafanmu, mu zauna da ƙannenmu mu warware tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta duk wadda muka ga tana da amsa biyu ko ba ta da ko ɗaya, mu miƙa wa sakataren ƙungiya.