Matasan mawaƙa su daina sayar da waƙoƙinsu na farko kacokan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasan mawaƙanmu na Maiduguri da kewaye, masu rera waƙa da Hausa da Barbarci, kan wata asara da suke tafkawa tun a farkon tafiya. Yaro zai kwana yana tsara baiti, ya tara kuɗin situdiyo da na man janareta da ƙyar, waƙa ta fito tsaf, sai wani mai shirya fim ko ɗan kasuwa ya miƙa masa 'yan dubbai a tafin hannu, ya karɓe ta ɗungurungum. Daga ranar yaron ba shi da ta cewa a kanta. Wannan sayar da gona ne, ba sayar da amfanin gona ba.

Babu wanda ya san waƙar da za ta ɗaga mawaƙi, kuma sau da yawa ta farkon ce. Hozier, ɗan ƙasar Ayalan, a ɗakin sama na gidan iyayensa da ke Wicklow ya fara naɗar "Take Me to Church", ta fita a 2013, ta kai shi takarar lambar Grammy ta waƙar shekara a 2015. A gida kuwa, Hamisu Breaker na Ɗorayi a Kano ya daɗe yana waƙa kafin "Jaruma" ta game ko'ina a 2020, lokacin kullen korona, kuma wayoyin jama'a ne suka yaɗa ta, ba fim ba. Tunda yau waƙa kan iya tafiya da ƙafarta a YouTube da Audiomack da TikTok, wanda ya mallake ta shi zai ci gaba da cin moriyarta shekara da shekaru. Doka ma tana bayan marubucin waƙa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba shi kariya tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce.

Za a ce yaron da ba shi da kuɗin abincin dare ba ya jiran ribar baɗi. Gaskiya ne, musamman a garin da ya daɗe cikin duhu bayan lalata turakun wutar lantarki a Janairun 2021, ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 kuma ta cinye jarin mutane da dama. To amma tsakanin sayarwa da yunwa akwai hanya ta uku: a ba da izinin amfani da waƙar a fim guda, na ƙayyadadden lokaci, a karɓi kuɗi, a rubuta takarda gaban shaidu, waƙa ta zauna a hannun mai ita. Wasu kuma za su ce Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ba su san wata yarjejeniya ba, ga shi sun shahara. Su a zamaninsu abincinsu yana wurin biki da hannun iyayen gida masu kyautar riga da mota. Mawaƙin yau abincinsa yana cikin sautin da aka naɗa, in ya rabu da shi ya rabu da jarinsa.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyonmu, irin su BRTV da Peace FM da Dandal Kura, su riƙa gayyato lauyoyi da jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya su yi wa matasa bayani da Hausa da Barbarci. Masu situdiyo su ji tsoron Allah, su faɗa wa yaro gaskiya kafin ya amince. Ku kuma matasa, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita kun fahimta ba.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Dusuman, Maiduguri, Jihar Borno