Aikin Bankin Sanusi Da Manomin Kibiya

A shekarar 1985 ne Sanusi Lamiɗo Sanusi ya bar koyar da ilmin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kama aiki a bankin Icon, wanda ke da alaƙa da Baring Brothers na Ingila da Morgan Guaranty na Amurka. Irin wannan banki ba ruwansa da mai ajiyar naira goma. Aikinsa shi ne nemo wa manyan kamfanoni jari.

Ɗalibai sukan dubi ƙololuwar da ya kai, wato shugabancin First Bank a Janairun 2009 da kujerar Gwamnan Babban Banki a watan Yuni na wannan shekara, su manta da tsanin da ya hau. Tun da ya shiga UBA a 1997 yake fama da aiki guda, wanda ba a yi masa tafi: auna bashi, a gane wanda zai iya biya da wanda zai nutse da kuɗin jama'a. Da wannan sani ne ya tuɓe shugabannin bankuna biyar ran 14 ga Agusta, 2009, aka zuba naira biliyan 420 don ceto masu ajiya.

Rigimar sarauta, wadda ta taɓa Rano kai tsaye tun 2019, a ajiye ta gefe. Abin da ya fi damun manomin Rano da Kibiya shi ne samun wanda zai auna shi kamar yadda ake auna kamfani. In ya je neman rancen taki, sai a ce ya kawo takardar mallakar fili, alhali gonar gado ce, shaidarta tana bakin dagaci da maƙwabta. Ma'aikacin banki bai san buhu nawa na masara ko dawa take bayarwa ba, don haka sai ya ƙi, ya huta.

Babban Banki ya ƙaddamar da shirin NIRSAL a 2011, a zamanin Sanusi, don ya ɗauke wa bankuna wani kaso na asara in manomi ya gaza biya. Dabara ce mai kyau. Amma lamunin gwamnati ba ya zuwa gona ya duba shuka. Sai an samu 'yan ƙasar da suka karanci aikin banki, suka kuma yarda su zauna a reshen karkara, su bi manomi daga shukar Yuni har kakar Nuwamba.