Wane Gida Za Su Koma?

Ranar 21 ga Janairun 2020, sojojin ruwa suka sauka a Tarkwa Bay, wani tsibiri da ke bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, suka yi harbi sama, suka umarci dubban mazauna su tattara nasu ya-nasu su fice a ranar. Dalilin da aka bayar shi ne fasa bututun mai. Tarkwa Bay wurin shaƙatawa ne da masu hali ke hayar kwale-kwale su je a ƙarshen mako, kuma mutanen da aka kora su ne masu share yashi, masu dafa abinci, masu ɗaukar kujeru da laima. An kori masu hidima, an bar rairayin da suke yi wa hidima.

Ba a kansu aka fara ba. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba unguwar Maroko wa'adin kwana bakwai, katafila ta share matsugunin mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000. An ce wurin fadama ne, bai dace ɗan Adam ya zauna ba. Da aka kwashe talakawa sai fadamar ta warke: a kan wani sashenta ne unguwar Oniru take yau, inda fili guda ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci na tsawon rayuwarsa. Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun a gefen Lekki, an ƙone shi an rushe tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, mutum kusan 30,000 suka rasa makwanci. A Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa irin wannan kora ba tare da tuntuɓa da tanadin wani matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya zo bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Sai kuma Afrilun 2024, da rusau ya isa wurin shaƙatawa na Landmark, a wannan yankin na Oniru, don buɗe hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita kusan 700. Nan ne ƙasa ta ɗauki zafi. Manyan 'yan adawa suka yi magana, gidajen talabijin suka yi ta muhawara a kan jarin da ya salwanta. Asarar gaskiya ce, ba a raina ta ba. Amma duk wanda ya kwatanta hayaniyar Landmark da shirun da ya biyo bayan Tarkwa Bay ya san farashin da ake yi wa mutum a bakin tekun nan.

Mai karatu a Kano ko Abuja zai iya cewa wannan rigimar mutanen kudu ce. Ya yi kuskure. A bayan kowace katangar otal daga Oniru zuwa Ajah akwai rumfunan katako da leda, kuma a cikinsu akwai maigadi, ɗan garuwa, mai suya, ɗan jari-bola da ɗan acaba, da yawansu 'yan ci-rani daga Sakkwato, Zamfara, Katsina da Nijar. Ba su da takardar fili, ba su da ƙungiyar lauyoyi, sunansu ba ya cikin kowane jerin masu karɓar diyya. Hana acaba da Legas ta yi a 2020, ta tsananta shi a 2022, su ya fi taɓawa. Idan katafila ta zo, su ne ba a ƙirgawa.

Martanin 'yan bokon Arewa iri biyu ne, kuma duka biyun ragwanci ne. Na farko ihun ƙabilanci: ana korar 'yan Arewa! Ana yinsa kwana biyu a Facebook, a watse. Ihun bai ma dace da gaskiya ba, domin katafilar da ta ci rumfar Bahaushe ita ta ci gidan Ba'egune da Bayarabe, kuma mayar da zancen na ƙabila ya raba waɗanda ya kamata su tsaya a layi ɗaya gaban alƙali. Na biyu ya fi muni, don da muryar hikima ake furta shi: ai su dawo gida su yi noma.

To, a duba gidan. Abare ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka. A 2010 yana cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda aka gano gubar dalma tana kashe yara, saboda ana daka duwatsun zinare ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kan abinci da tabarmar jarirai. Yara sama da 400 suka mutu a jihar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ɗauki nauyin jinya, baƙi ne suka jagoranci kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, Bagega kuwa sai 2013 aka soma tsabtace ta saboda jinkirin sakin kuɗi daga Abuja. Kafin a farfaɗo, 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka, suka sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, haramcin da ya kai har Disambar 2024. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako. Saurayin da gona ta gagare shi, rami ya haramta gare shi, kasuwa ta rufe, ba yawon buɗe ido ya kai shi bakin teku ba. Wanda ke ce masa ya koma gida, shi kansa ya kwashe iyalinsa daga Gusau zuwa Abuja tuni.

Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon ƙwacewa da sunan amfanin jama'a, kuma a aikace otal da rukunin gidajen attajirai sun sha shiga ƙarƙashin wannan suna. Gwamnonin Arewa ba su cika ɗaga murya a kan wannan ba, kuma dalilin a fili yake: da irin wannan alƙalamin suke rushe unguwannin gefen nasu biranen. Jihohinsu da dama suna da ofisoshin hulɗa a Legas, masu tarbar manya a filin jirgi. Kuɗin motar rakiya guda ɗaya zai ɗauki lauyoyin da za su rubuta sunayen masu rumfuna, su kai su kotu tare da masuntan Egun, su nemi a aiwatar da hukuncin da ke ajiye tun Yunin 2017.