Ɗan'uwa a Shago: A Yanke Masa Lada

A Ringim, shaguna da dama da ɗan'uwa ake fara su. Ƙane ko ɗan wa ke jiran kanti idan maigida ya tafi sari Kantin Kwari ko cin kasuwar Gujungu. Sai dai ba a yanke masa lada, wai ai na gida ne. Wanda kuwa ba shi da albashi, daga cinikin shago yake biyan kansa, kunya kuma ta hana a tuhume shi. Ƙarshenta jari ya karye, zumunci ya lalace.

Shawarata gare ka ɗan kasuwa, tun ranar farko ka yanke ladansa da lokacin sallamarsa, a rubuce, gaban shaidu biyu. Duk mako ku ƙirga kaya tare. Lissafi a sarari shi ke tsare dukiya da zumunci.