Mai Kwasar Bola a Idon Yaran Nima

Duk wanda ya san Nima da Mamobi a birnin Akra ya san babbar motar shara ba ta shiga lungu. Iyakarta bakin titi, inda ake girke manyan kwantenoni. Cikin lunguna kuwa sai babur mai ƙafa uku da ake kira aboboya, inda shi ma ya kasa sai baro. Ko wanne ne ya iso, yara ne ke fara sanarwa. Su bar ƙwallo, su jeru nesa kaɗan baki buɗe, suna kallon yadda ƙarfe ke ɗaga kwantenar da ƙarti goma ba za su motsa ba, ko yadda injin bayan mota ke haɗiye tsibin shara yana gurnani. Sai ka ga wani ya je gida ya huda gwangwanin madara, ya sa masa tayoyin marfin kwalba, yana ja da zare yana kiran a fito da bola. Kalmar ma tamu ce: yadda ake cewa bola a Kano, haka kusan kowa ke faɗa a Akra, ko da ba ya jin Hausa.

Ni a ganina yaran nan sun fi mu gani daidai. Ɗan shekara huɗu bai san albashi ba, bai san muƙami ba. Abin da ya gani shi ne an wayi gari da tsibi mai wari a ƙofar gida, wani mutum ya zo, tsibin ya ɓace. Ayyuka kaɗan ne amfaninsu ke bayyana a fili haka. Mahaifinsa yana iya fita da jaka kullum shekara ashirin, yaron bai taɓa ganin abin da hannun uban ya yi ba, amma aikin mai shara a gabansa ake farawa, a gabansa ake gamawa.

To, wa ke kashe wannan sha'awa? Mu ne. Uwa ta finciko ɗanta tana toshe hanci, uba ya ce, "In ba ka yi karatu ba, bola za ka kwashe." Da wannan magana guda mun koya wa yaro cewa mai zubar da ƙazanta mutum ne, mai kwashe ta abin gori. Kafin ya kai shekara goma ya daina ɗaga wa mai aboboya hannu. Kafin ya kai sha biyar, shi ake aika da leda cikin dare ya wurga a kwata, don kada a biya kuɗin kwasa.

Kwatar nan kuwa ba ta yafiya. Babban magudanin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi yana gangarawa ne zuwa rafin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin teku. Ledar da aka jefa a Zango tana tafiya har inda za ta toshe. A 2014 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki. Wannan ne ya sa gwamnatin John Mahama ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsaftace gari. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya cika unguwar shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta tashi a gidan man da jama'a suka fake, sama da mutum 150 suka rasu. Toshewar magudanai na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya yi alkawarin Akra za ta zama birni mafi tsafta a Afirka, har aka kafa ma'aikata ta musamman. Mai karatu da ke zaune a Nima shi ne alƙali.

Duk waɗannan alkawura a kan wuyan mutum ɗaya suke sauka, wato wanda ke shiga kwata da shebur, ko matar da ke riƙe da tsintsiya tun kafin kiran assalatu. An shafe shekaru ana cece-kuce a Ghana kan masu sharar titi na shirin samar wa matasa aiki, waɗanda a lokacin abin da ke isa hannunsu a wata kusan sidi 250 ne kawai. Mu da muke jin haushin wannan, mu ne kuma ke tsayawa ciniki da mai aboboya kan sidi biyu, mu cusa fasasshiyar kwalba cikin leda ba tare da mun gaya masa ba.

Ba a Akra aka fara ba. A Fabrairun 1968, a birnin Memphis na Amurka, injin motar shara ya murƙushe ma'aikata biyu baƙaƙen fata da suka fake a bayanta saboda ruwan sama. 'Yan'uwansu kimanin 1,300 suka tafi yajin aiki, kuma goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Mu ma muna da namu tarihin da malamai ke karantarwa a zaure: matar nan da ke share masallacin Madina, ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, don an ɗauki lamarinta ƙarami. Da ya tambaya aka gaya masa, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Ba na cewa a bar yara su riƙa ɗarewa bayan mota. Haɗari ne, a riƙe hannunsu. Amma a riƙe hannun a tsaya tare da su, su ji babansu ya ce, "Sannu da aiki, Malam," su ga an naɗe gilashi a takarda kafin a miƙa, su ga an biya ba tare da ƙorafi ba. Limaman Zango da ke sanar da ɗaurin aure da walima bayan sallar Juma'a suna iya ambaton masu sharar unguwa da sunayensu cikin addu'a. Makarantun Islamiyya kuma, da ke gayyato likita da lauya su yi wa ɗalibai jawabi ranar saukar karatu, su gwada gayyato direban motar shara. Shi ne baƙon da 'yan aji ɗaya za su yi wa tambaya har lokaci ya ƙare.