KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, yau maganarmu da shugabannin kulob-kulob na ƙwallon ƙafa ce, da gwamnatocin jihohi waɗanda su ne iyayen gijin yawancinsu. Tambayar kuwa ita ce, wa ke da alhakin jiyyar ɗan wasa sa'ad da ya ji rauni a bakin aiki? Mu dai amsarmu ɗaya ce: kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Kulob ɗin da ya ci moriyar ƙafar yaro tana lafiya, shi zai ɗauki nauyinta ran da ta karye, har ta warke sarai.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan birni ne. Ya shafi mutanen Mazanya da Magama da Jibiya. An rufe iyakar ƙasa cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022. Aka sāke rufewa cikin 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe. Cikin waɗannan shekaru samari masu dako da masu kai kaya Maraɗi suka rasa abin yi, ga 'yan bindiga sun hana noma. Saboda haka yaro da yawa ba shi da buri sai a ɗauke shi Katsina United ko Kano Pillars, ya riƙa aiko wa gida ɗan abin masarufi. To, iyayen da za su ba da ɗansu suna da hakkin su san inda zai kwana ran da aka fitar da shi daga fili a kan gadon ɗaukar majiyyata.

Rauni a ƙwallo ba baƙo ba ne da za a ce ya zo ba shiri. Tun 2001 hukumar ƙwallo ta Turai, watau UEFA, take sa likitoci suna ƙidayar raunin manyan kulob-kulob. Abin da suka samu shi ne kulob mai 'yan wasa 25 yakan gamu da rauni wajen 50 a kakar wasa guda, watau kamar biyu ga kowane mutum. Abin da aka san zai zo kowace shekara kuwa, ai tanadi ake yi masa cikin kasafin kuɗi, kamar yadda ake tanadin man mota.

Ga yadda kulob na ƙwarai ke yi. Ran da abin ya faru likitan kulob zai duba yaro, a ɗauki hoton wurin da na'ura, a san ko ƙashi ne, ko tsoka, ko jijiya. In aiki ya kama, kulob ya biya. Sa'an nan a danƙa shi ga mai gashin ƙashi, ya riƙa zuwa kullum kamar mai zuwa ofis, ana rubuta abin da ya yi. A fara da motsa gaɓar, sa'an nan keke da ninkaya, sa'an nan gudu, sa'an nan taɓa ƙwallo shi kaɗai, daga baya ya shiga cikin 'yan'uwansa. Kafin a yarda ya yi wasa sai an auna ƙarfin ƙafar da ta ji ciwo, an gwada da mai lafiyar. Jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke takan ci wajen wata 9, wanda kuwa ya yi gaggawa, ita ce za ta sāke tsinkewa. Albashinsa bai tsaya ba. Hukunci na ƙarshe kuma na likita ne, ba na mai horo ba, ba na shugaban kulob ba.

Mun ga amfanin haka ga 'ya'yan ƙasar nan. Cikin 1996 likitocin Inter Milan suka gano ciwon zuciya jikin Nwankwo Kanu, aka yi masa aiki a Amurka, ya komo cikin 1997, har ya zama gwarzon Afirka cikin 1999. Cikin Nuwamba 2021 Victor Osimhen ya karye a ƙasusuwan fuska yana yi wa Napoli wasa. Aka yi masa aiki, aka yi jiyyarsa, aka ƙera masa abin kāre fuska, ya komo cikin Janairu 2022. A kakar wasan da ta ƙare cikin 2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar lig, Napoli ta ɗauki kofin lig na Italiya wanda rabonta da shi tun 1990. Ba don tausayi kaɗai Turawa ke yin haka ba. Sun san lafiyar ɗan wasa ita ce jarinsu.

To, mu fa? Ran 8 ga Maris 2020, ana wasa a Lafiya tsakanin Nasarawa United da Katsina United, Chineme Martins na Nasarawa ya yanke jiki ya faɗi. Motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi, sai da wata mota aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Assha! In a gaban dubban mutane abin ya kasance haka, yaya ke nan cikin watannin jiyya da ba mai gani? Kuma ba a fili kaɗai hatsarin yake ba. Cikin Maris 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa 5 suka ji rauni. Su ma a bakin aikin kulob suke.

Kukan 'yan wasan ƙasar nan a jaridu ba sabo ba ne: ana bin bashin albashi, wanda ya ji ciwo a ce ya tafi gida ya huta, kakar wasa ta ƙare a soke sunansa. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta ke nan. Yaron da aka ce ya tafi gida Mazanya, wa zai duba shi? Sai maɗori. Ba mu raina ɗori ba, sana'ar kakanni ce, ta kuwa taimaki talakawa. Amma jijiyar da ta tsinke cikin gwiwa ba a ɗora ta da kara, kuma likitocin ƙashi sun sha yin gargaɗi cewa ɗauri in ya yi tsanani yakan ruɓar da ƙafa har a kai ga yankewa.

Mun san za a ce ba kuɗi. Ƙarya ce! Wanda ke da kuɗin ɗauko sababbin 'yan wasa kowace shekara, da na alawus ɗin manya, ba zai rasa albashin likita ba. Ba mu ce a kai kowa Ingila ba. Asibitin ƙashi na Dala yana nan Kano tun 1959, ga asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, Jami'ar Bayero kuma tana yaye masu gashin ƙashi. Niyya ce babu.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, kada hukumar gasa ta yi wa kulob rajista sai ya nuna likita da mai gashin ƙashi na dindindin. Na biyu, kowane ɗan wasa ya sami inshora, a ba shi takardar a hannunsa. Na uku, a rubuta cikin kwantiragi cewa albashi ba ya tsayawa don rauni, kuma ba a sallamar mutum yana jiyya. Na huɗu, majalisun jihohi su sa kulob ya bayyana abin da ya kashe a kan jiyya kowace shekara, tun da kuɗin talakawa ne ake ba su.

Ku kuma iyaye, kada ɗanku ya sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Ku tambayi abin da ta ce game da rauni, in babu, ku sa a rubuta. Mu kuwa ba za mu bar wannan magana ba sai an gyara. Allah ya ba majiyyata lafiya, amin.