Kirari Ba Ya Haƙa Rijiya

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take turo mana. Yamai, Dosso, Maraɗi da Damagaram suka faɗa cikin duhu. Teloli suka naɗe hannu, masu walda suka rufe rumfuna, kayan sanyi suka ruɓe, a asibitoci aka koma ga injin mai shan gazuwal. A lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga maƙwabciya take zuwa. Kowa ya zagi wanda ya kashe makunni, kuma ya cancanci zagin. Amma tambayar da ta fi ciwo ba mu so jin ta ba: yaya aka yi, bayan shekara 63 da samun mulkin kai, makunnin fitilar ɗakinmu yake a hannun wani? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mun ga tabbacin haka da idonmu, cikin duhu.

Mai karatu, dubi abin da Allah ya binne mana. A 1957 aka gano uraniyom a Azelik. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya bi baya a 1978, ya yi ta tono har aka rufe shi a 2021. Shekara hamsin ana fasa dutse, ana niƙa shi, ana jiƙa shi da ruwan asid, ana fitar da garin nan mai ruwan ɗorawa, a zuba a duro, a ɗora a mota zuwa tashar Kwatano. A nan iyakar rabonmu yake tsayawa. Tacewa, da ƙara masa ƙarfi, da mayar da shi makamashin da ke juya injinan lantarki, galibi a Faransa aka yi su, ƙasar da wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake fitowa. Mu kuwa masu dutsen, da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar yake da wuta a gidansa.

Ga man fetur na Agadem. A 2011 aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin Sin, kashi 40 namu. A 2024 aka fara lodin ɗanyen mai ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Wa ya zana taswirar bututun? Wa ya lissafa kaurin ƙarfen da ƙarfin famfunan? Wa ya kafa matatar? Kowa ya san amsa. Ga kuma madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008 da alkawarin megawat 130. Shekara 15 bayan haka, ranar da aka yanke mana wuta, ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba.

A 2024 gwamnati ta karɓe lasin Imuraren daga hannun Orano, a 2025 ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. An yi tafi, an yi gangami, an yi kirari. Madalla. Sai dai rami ba ya jin kirari. Rami yana son masanin duwatsu da zai faɗi inda jijiyar ma'adini ta bi, da masanin sinadarai da zai auna asid, da injiniyan da zai san dalilin da ya sa inji ya tsaya da tsakar dare, da likitan da zai auna tururin da ke cin huhun ma'aikaci. Ƴancin da ba shi da waɗannan mutane, canjin ubangida ne kawai: Bafaranshe ya fita ta ƙofa, wani ya shigo ta taga da jakar kayan aikinsa da takardar farashinsa.

Laifin wa? Bari in fara da kaina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ɗan sashen adabi ne. A lisen da na yi, akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma ƙofarsa a garƙame take da kwaɗo, sai gizo-gizo da jemagu ke karatu a ciki. Mushenmu na kimiyya, bawan Allah mai ƙoƙari, da alli yake zana kwalbar gwaji a allo, ya ce mu ƙaddara ruwan da ke ciki ya koma ja. Muka ƙaddara. Da aka zo raba mu sashe-sashe, muka ruga sashen A kamar garken awaki ya ga ruwa, sashen C kuwa aka bar shi da ƴan tsirarun da ba su cika benci uku ba, muna yi musu kallon masu taɓin hankali. Yau ga ni ina iya rubuta shafi goma kan matsalar ruwan Damagaram, amma in famfon gidanmu ya lalace sai in aika a kira yaro. Ba na raina alƙalami, da shi nake ci. Amma ƙasar da masu sharhi a kan rijiya suka fi masu haƙa ta yawa, ƙishirwa ce za ta kashe ta, ana tsakiyar muhawara.

Na biyu, iyaye. Tun zamanin Nasara aka dasa mana cewa amfanin lakkol shi ne biro. An kafa makarantar ne don ta fitar da magatakarda da tafinta masu yi wa kwamanda hidima, kuma har yau wannan hoton bai fita daga kanmu ba. Tambayi uba a Tasawa ko Madawa abin da yake so ɗansa ya zama: ɗan duwan, ko alƙali, ko mai sa hannu a ma'aikatar kuɗi. Me ya sa? Domin ya ga ɗan duwan ya gina bene cikin shekara uku, injiniya kuwa yana tura tsohon babur. Yaron da ya faɗi jarrabawa shi ake turawa makarantar koyon sana'a, kamar ana kai shi gidan kaso. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a aji, ita ake fara cirewa a yi mata aure, ana cewa lissafi ba na mata ba ne. Amma uwarta da ke riƙe da adashin mata talatin a kanta, ba takarda ba alƙalami, ba ta taɓa ɓatar da dala ɗaya ba. Wannan ba lissafi ba ne?

Na uku, kuma mafi girma, masu mulki, na farar hula da masu kaki. Tun Taron Ƙasa na 1991 babu gwamnatin da ba ta rantse da matasa ba. Amma shekarun 1990 sun wuce cikin yajin aiki, da bashin albashi, da shekarun karatu da aka yi asararsu ɗungurungum, ga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya, ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Daga baya aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi, ana biyan su abin da bai kai ya ciyar da gida ba, shi ma sai an ga dama. Wane mai digirin lissafi ne zai zauna a kan wannan, alhali wata ƙungiyar agaji tana neman mai tuƙa mata lissafin kuɗi da ninkin albashin? An buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara na Agadas, Dosso, Difa da Tilaberi a 2014. Abin yabo ne. Sai dai ajin shari'a allo da alli kawai yake so, ajin injiniya kuwa yana son inji, da wuta, da sinadarai, da malamin da ya taɓa riƙe sifana. Wannan tsadar ce ake gudu, ita ce kuma ba ta gutuwa.

Abin takaici, ƴan kimiyyar da muka samu ma siyasa ta haɗiye da yawansu. Mahamadu Isufu injiniyan ma'adinai ne, ya yi aiki a Somaïr kafin ya mulki ƙasar nan daga 2011 zuwa 2021. Darasin da yaro ya ɗauka a nan a fili yake: in kana son a san da kai, ajiye hular kwano ka ɗauki makirfo.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce: kana tura yara su karanta injiniya, ina masana'antun da za su ɗauke su? Ga masu difloma suna tuƙa kabu-kabu a Yamai, ga waɗanda suka fi ƙwazo sun tsere Kanada da Faransa. Gaskiya ne, kuma mai wannan magana ba maƙiyi ba ne. Amma ya dubi ɗaya gefen. Aikin yana nan, baƙi ne ke yin sa. Duk wata gada, duk wata hanya, duk wata rijiyar burtsatse da aka ba kamfanin waje, albashin ɗan ƙasa ne ya hau jirgi. Abin da ya kamata shi ne doka mai haƙori: duk kamfanin da zai taɓa ma'adininmu ko manmu, a rubuta masa yawan ƴan ƙasa da zai horar, da shekarar da kowane baƙo zai miƙa kujerarsa ga wanda ya koya wa aiki, kuma a bi a bincika. Sannan ba duka injiniya ne ke jiran a ɗauke shi ba. Abdu Maman ya ƙirƙiro hanyar ba da ruwa a gona ta wayar salula, manomi na zaune a gida yana kunna famfo, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a 2015. Wa ya ɗauke shi aiki? Shi ya ɗauki wasu.

Za a kuma ce kimiyya kayan Turawa ce, ba gadonmu ba. Wannan magana jahilcin tarihi ce. Muhammadu al-Katsinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Maƙeran da suka narka tama, da marinan da suka san sirrin baba da toka, da maginan da suka ɗaga soron Damagaram da hasumiyar Agadas da laka, su wane ne in ba injiniyoyi ba? In kuma na zamani ake so, ga Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da makamashi, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na Onersol tun 1969, yana ƙera tukunyar dafa abinci da na'urar ɗumama ruwa da hasken rana a lokacin da manyan ƙasashe ke yi wa abin dariya. Ya rasu a 1991, muka sa wa jami'ar Yamai sunansa, muka koma barci. Sai a 2018 aka kafa tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza, a 2023 mai megawat 30 a Goru Banda, da allunan da aka sayo daga waje. Ranar da ta fi ƙona mu ita ce dukiyar da muka fi sakaci da ita. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Yanzu gare ku, ƙannena, ku da ke aji uku na kwaleji kuna jiran a raba ku. Kada wani ya ruɗe ku cewa lissafi sai mai baiwa. Lissafi kamar noma ne, kunya bayan kunya, wanda ya jure shi ke kai ƙarshen gona. Zaɓi sashen C ko D in kana iyawa. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ba wurin zubar da waɗanda suka faɗi ba ne. Makarantar ma'adinai ta EMIG tana Yamai, ta EMAIR tana Agadas, cibiyar Agrhymet mai nazarin ruwan sama da amfanin gona a ƙasarku take tun 1974. Ku dubi tambayoyin da ke jiran amsa a ƙofar gidanku. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ake jawo mata ruwa daga nesa. Wa zai gano mata sabon tafki a ƙarƙashin ƙasa? Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, amma tana ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. Wa zai ƙera mata ma'aji? A daminar 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram da dubban gidaje. Wa zai koya mana ginin ƙasa da ke jure ruwan zamanin nan? Kowace tambaya a cikin waɗannan aikin rayuwar mutum guda ce, kuma abincinsa ne.

Ku kuma ƴan mata, kada ku yarda a ce muku ku tsaya a baya. Rabin ƙwaƙwalwar ƙasar nan a kanku take. Ƙasar da ta ɗaure hannunta ɗaya ba ta ɗaukar jinka.

Ga masu mulki kuwa, buƙatunmu ba su da yawa. A buɗe ɗakunan gwaje-gwaje, a zuba musu kaya, a sa musu wuta. A biya malamin lissafi da na kimiyya albashin da zai hana shi gudu. A fifita kuɗin tallafin karatu ga masu karatun fasaha, a biya su kan lokaci. A ware wani kaso sananne daga kuɗin mai da uraniyom don wannan aiki, a buga lissafinsa kowace shekara kowa ya gani. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Injiniyan da zai riƙe matatar Damagaram nan da shekara ashirin, yau yana zaune a rumfar zana yana koyon ninkawa, in ma an sa shi lakkol. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka bar shi a rumfar, ranar da aka sake kashe makunni kada mu nemi wanda za mu zaga a ƙetaren iyaka. Allah ya ba mu ikon gyarawa.